Amsoshin Tambayoyinku: Yadda kwamfuta za ta nemo fayilolin rubutu ta karanta da kanta

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta yau daga wata ɗaliba ce mai koyon Python, wato wani yaren rubuta shirye-shiryen kwamfuta. Ta ce tana da folda maƙil da fayilolin rubutu masu ƙarewa da txt, buɗe su ɗaya bayan ɗaya ya ishe ta, ko akwai yadda kwamfuta za ta nemo su ta karanta da kanta?

To malama, akwai, kuma ba sai kin sauke komai daga intanet ba. Tun Python 3.4 da ta fito a 2014, pathlib na cikinta, wato kayan aikin da ke kula da fayiloli da foldoji. Ki ba Path na cikin pathlib adireshin foldar, ki kira glob, wato umarnin nemo fayiloli ta sunansu, ki rubuta masa tauraro, ɗigo, txt. Tauraron na nufin ko wane suna ne, muddin ƙarshensa txt ne, a kawo shi. In akwai wasu foldoji a ciki, wannan ba zai leƙa su ba, rglob ne ke shiga har ƙurya. Daga nan sai ki bi su ɗaya-ɗaya da umarnin for, kowanne ki kira masa read_text ya karanto abin da ke ciki.

Ga inda nake so ki kasa kunne sosai. Duk sanda za ki karanta fayil, ki gaya wa Python cewa encoding ɗinsa, wato tsarin da aka adana haruffansa da shi, utf-8 ne. In kika bar ta ta zaɓa, a kwamfutocin Windows da yawa wani tsarin daban mai suna cp1252 take ɗauka. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, amma sai ki ga kowace ƙ ta rikiɗe ta zama baƙin alamomi biyu marasa ma'ana. Babban Ɓ kuwa ya fi muni: nan take shirin zai tsaya cik, ya jefo miki saƙon kuskure mai suna UnicodeDecodeError. Abin da ke damuna shi ne masu koyo kan ɗauka rubutunsu ne ya lalace, har su zauna su sake buga shi, alhali kalma guda ce ta rage a shirin.

Sai abubuwa biyu a gurguje. Glob ba ya alkawarin jero fayiloli bi da bi, in tsari kike so ki sa sorted. A Linux kuma, txt da ƙananan baƙaƙe daban yake da TXT da manya, don haka ki duba sunayen.

In fayil ya kai gigabait, kada ki ɗebo shi gaba ɗaya. Ki buɗe shi da with open ki riƙa karantawa layi-layi, with ɗin zai rufe miki fayil ɗin in kin gama.