Wa Ake Tambaya Kafin A Yi Wa Mace Aiki?

An rubuto wannan lacca daga faifan da aka ɗauka a zauren wata Islamiyya da ke Aboabo, Kumasi. Mai laccar tsohuwar ungozoma ce da yanzu take koyarwa.

Assalamu alaikum. Malamai, iyayena mata, 'yan'uwa, sannunku da zuwa. Na baya kuna jina? To, madalla. Yau zancenmu a kan wata mujallar Turawa ne, mai magana a kan haƙƙin mata a harkar likitanci.

Ɗazu a bakin ƙofa wata Hajiya ta tare ni, ta ce, "Malama, mu da ba mu yi boko ba, ina ruwanmu da mujallar Turawa?" Na ce Hajiya, haihuwarki nawa? Ta ce bakwai. Na ce to ai zancenki ne a ciki.

Sunan mujallar a taƙaice IJFAB, wato mujallar ƙasa da ƙasa mai duba ladubban likitanci ta idon mata. Ta fara fitowa a 2008, sau biyu a shekara, kuma yanzu maɗaba'ar Jami'ar Toronto ta Kanada ke buga ta. Editarta ta farko ita ce Mary Rawlinson, malamar falsafa a Amurka. Ƙungiyar masanan da ta haife ta kuwa tun 1992 aka kafa ta a Amsterdam. Fanninsu ladubban likitanci ne, wato abin da ya dace likita ko mai bincike ya yi da jikin ɗan Adam da abin da bai dace ba, amma suna dubawa ta idon mata.

Wani zai ce jiki ai jiki ne, me ya kawo wariya? To ku ji. A ƙarshen shekarun 1950 an riƙa ba masu ciki wani magani, talidomaid, don laulayi. Jarirai fiye da 10,000 aka haifa da naƙasa, wasu hannu guntu, wasu babu ƙafa. Tsoro ya kama kowa, sai a 1977 hukumar magunguna ta Amurka ta ce a daina saka matan da ke iya ɗaukar ciki a matakan farko na gwajin sabon magani. Niyyar mai kyau ce, amma gudun gara aka yi aka faɗa gidan zago: a gwada magani a jikin maza, a kawo a ba mata. Sai 1993 aka janye wannan. A 2013 ma sai da aka rage wa mata rabin awon wani maganin barci, zolfidem, don an gano ya fi daɗewa a jininsu.

Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar sa hannu. Littattafan da muka karanta sun ɗauka majinyaci mutum ne shi kaɗai, da kuɗinsa a aljihu: a yi masa bayani, ya zaɓa, ya sa hannu. Masu rubutu a wannan mujalla suka ce a'a, ba wanda yake yanke shawara shi kaɗai, kowa yana da masu riƙe masa igiya.

Na gani da idona. Wani dare a wani asibiti, ba zan kama suna ba, aka kawo yarinya haihuwar fari, naƙuda ta yi tsawo, dole sai tiyata. Mijin direba ne, yana hanyar Tamale, waya ba ta shiga. Uwar miji ta ce ba za ta sa hannu ba sai ɗanta ya ji. Likita yana Turanci, nas tana juyawa zuwa Tuwi, yaren mutanen Asante, yarinyar kuwa Hausa kaɗai take ji sosai. Ta juya fuska bango, ta cusa gefen mayafi a baki don kada a ji kukanta. Mun fi awa ɗaya muna neman namijin da ba ya nan, ba wanda ya sunkuya ya tambaye ta, har da ni. Daga ƙarshe da na tambaye ta da Hausa, abin da ta ce kawai shi ne, "Inna, a yi." Ta dangwala yatsa, aka shiga da ita. Allah ya sa an dace.

Alhali baliga ce, a cikin hankalinta, kuma takardar haƙƙin majinyaci ta Hukumar Lafiya ta Gana ta ba ta ikon yarda ko ƙi. Malam, ina ganin kana gyara zama. Ba cewa nake a kori miji daga shawara ba, wa zai so matarsa ta shiga tiyata bai sani ba? Addininmu ma ai ya ce a nemi izinin mace kafin a aurar da ita. A can an ce shirun budurwa yardarta ce, saboda kunya. A gadon asibiti kuwa shiru yakan zama tsoro, ko rashin jin yaren, ko lissafin kuɗi.

Kuɗin ma a duba. Tun Yulin 2008 haihuwa kyauta ce ƙarƙashin inshorar lafiya, amma kuɗin tasi da tsakar dare ba ya cikin kati. Wadda sai ta roƙa kafin ta fita, zaɓinta yana hannun mai ba ta. Sannan jinya: ku leƙa barandar kowane asibiti da asuba ku ga su wa ke kwance kan tabarma da fulas a gefe. Mace ta rufe rumfarta a kasuwar Kejetiya sati biyu tana jinya, ba wanda ya lissafa wannan cikin kuɗin magani. Mujallar ta ce a lissafa.

Ba duk abin da ke ciki na yarda da shi ba. Akwai rubuce-rubucen da ba su dace da addininmu da tarbiyyarmu ba, ina karantawa in ajiye. Kuma yawancin waɗanda na karanta, asibitin Turai da Amurka suke gani, ba ɗakin haihuwar da 'yan Zango ke zuwa ba. Ɗalibaina da ke nan gaba, ku kuka san wancan ɗakin, kuna kuma jin Hausa da Tuwi da Turanci. Ku rubuta ku aika musu.

An yi min alama la'asar ta kusa. Hajiya mai haihuwa bakwai, ke za ki fara tambaya.