Nehemiya Ya Yi Addu'a, Ya Kuma Lissafa Katako

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Na baya, kuna ji na? To, madalla. Baba Fasto, dattawan ikkilisiya, iyayena na Zumuntar Mata, da ku matasa da kuka taru can gefen taga, na gode da wannan dama. An ce in yi magana a kan yadda mai bi zai yanke shawara da hikima, a wurin aiki da kuma a gida. Abubuwa huɗu na shirya: roƙon Allah, neman shawarar mutane, lissafi, sai riƙe alkawari.

Mu buɗe Yakubu 1:5. Ya ce in waninku ya rasa hikima, ya roƙi Allah, mai ba kowa hannu sake, ba tare da gori ba. Ba tare da gori ba, 'yan'uwa. Ɗan Adam, in ka tambaye shi abu sau biyu, na uku sai ya ce, "Kai ba ka da kai ne?" Allah ba ya yi mana haka.

Abin da yake damuna shi ne mun raba addu'a da tunani. Wani zai ce, "Na yi addu'a, na sami salama a zuciyata," ya kwashi kuɗin makarantar yara ya zuba a harkar da bai san kanta ba. Wani kuma ran Lahadi yana nan gaba yana ɗaga hannu, ran Litinin sai biro da takarda kawai, Allah ba ya cikin lissafinsa. Dukansu biyu ina so su zo su zauna a gaban Nehemiya.

Ina ƙaunar mutumin nan, ku yi haƙuri da ni. Nehemiya ba firist ba ne, ba annabi ba ne. Ma'aikacin gwamnati ne, kamar yawancinku. Shi ne mai shayar da sarki Artashate na Farisa, a fadar Shushan, wajen shekara 445 kafin haihuwar Almasihu. Ɗan'uwansa Hanani ya zo daga Yahudiya ya ce masa garun Urushalima a rushe yake, ƙofofinta an ƙone su, mutanen kuma suna cikin wahala da kunya. Nehemiya ya zauna ya yi kuka, ya yi azumi, ya yi addu'a. Sura ta 1 ta littafin Nehemiya ta ce a watan Kisle ne. Sura ta 2, inda ya yi wa sarki magana, ta ce a watan Nisan ne. Tsakaninsu wata huɗu. In da a nan ne, sai mu ce tun sanyin hunturu har zafin bazara. Mutumin da yake tsayawa a gaban sarki da ƙoƙo a hannunsa, ya riƙe bakinsa wata huɗu! Da wani ne a cikinmu, a daren nan zai rubuta takardar barin aiki, ya sa a WhatsApp cewa Ubangiji ya kira shi. (Dariya) Ai gaskiya ce.

Sai ranar ta zo. Sarki ya ga fuskarsa a ɓace, ya ce, me ya same ka, ga shi ba ciwo kake yi ba? Nehemiya da kansa ya ce ya ji tsoro ƙwarai. Tsoro ba rashin bangaskiya ba ne, ku riƙe wannan. Ya faɗi damuwarsa. Sarki ya ce, to me kake so? Aya ta 4: sai na yi addu'a ga Allah na Sama. A tsaye. Bai ce, ranka ya daɗe, ba ni kwana uku in hau dutse ba. Tsakanin tambaya da amsa ya yi addu'arsa, ta numfashi ɗaya. Amma wannan gajeriyar addu'a tana tsaye ne a kan ta wata huɗu. Wanda bai saba magana da Allah a ɗakinsa ba, da wuya ya tuna da shi a ofishin maigidansa.

Yanzu ku ji amsar da ya bayar, nan ne nake so ku buɗe kunne. Ya roƙa a aike shi Yahudiya ya sāke gina birnin. Sarki ya ce, har yaushe za ka daɗe, yaushe za ka dawo? Ga sarauniya zaune a gefe. Nehemiya ya ba shi lokaci. Yana da amsa. Bai tsaya nan ba. Ya ce a ba shi wasiƙu zuwa ga gwamnonin hayin Kogin Yufiretis, don su bar shi ya wuce. Ya ce a ba shi wata wasiƙar zuwa ga Asaf, mai tsaron kurmin sarki, don ya ba shi katako na ƙofofin kagara, da na garu, da na gidan da zai zauna. Ina ya san sunan Asaf? Ina tambaya, ina ya san shi? Mai shayarwa ne fa, ba kafinta ba. Cikin wata huɗun nan ya yi ta tambaya, ya yi ta bincike, ya san hanyar da zai bi, ya san wa zai tare shi, ya san inda katako yake da mai riƙe da shi. Duk da haka da aka ba shi, bai ce wayona ne ba. Ya ce sarki ya ba ni domin hannun Allahna mai alheri yana kaina. Kun ga addu'a, kun ga lissafi, a mutum ɗaya, a rana ɗaya.

Ashe har na shiga na uku ban gama na ɗaya ba. Ba komai, mu ci gaba.

Da ya isa Urushalima ya yi kwana uku bai ce wa kowa uffan ba. Da dare ya tashi da mutane kaɗan, da dabba ɗaya wadda yake kai, ya zaga ya duba garun da idonsa. Har ya kai wani wuri da dabbar ba ta sami hanyar wucewa ba saboda tarkace. Sai bayan ya gani ya tara mutane ya ce, ku zo mu gina. Maza, ku nawa ne kuka sayi fili ba ku taka shi da damina ba? Kuka biya da rani, ruwa ya sauko, kuka tarar kun sayi tafki. Baba a can yana girgiza kai, ya san wani. (Dariya) Je ka gani da idonka. Tambayi mai unguwa, tambayi maƙwabta, nemi takarda.

Da Sanballat da Tobiya, maƙiyan aikin, suka ƙulla za su kawo hari, 4:9 ta ce mun yi addu'a ga Allahnmu, muka kuma sa masu tsaro dare da rana. Ka ji shi kuma. Addu'a da tsaro. Mu da muke zaune a wannan ƙasa, ba sai an yi mana dogon bayanin wannan aya ba.

Akwai wani abu a sura ta 6 da ba a cika wa'azi a kansa ba. Sau huɗu Sanballat da abokinsa Geshem suka aika masa ya sauko filin Ono a yi zama, sau huɗu ya ce ina babban aiki, ba zan sauko ba. Da suka ga haka, suka bi ta hanyar annabci. Wani Shemaiya ya ce masa, zo mu shiga Haikali mu kulle ƙofa, za a zo a kashe ka da dare. Magana ce mai kama da ta Allah, har da Haikali a ciki. Nehemiya ya auna ta. Shi ba firist ba ne, shiga can zunubi ne a gare shi, kuma gudu zai karya zuciyar masu gini. Ya ce na gane ba Allah ne ya aiko shi ba, biyansa aka yi. 'Yan'uwa mata, da ku nake musamman, amma maza ma ku ji. In wani ya ce ya ga wahayi a kan aurenki, ko a kan jarinki, ko ya ce surukarki ce take bin ki, ki kawo maganar gaban Littafi Mai Tsarki da gaban dattawa kafin ki motsa. Abin da Allah ya hana a rubuce, ba zai aiko wani ya halatta miki a mafarki ba. Cikin kwana 52 aka gama garun nan.

Kai, lokaci yana gudu. Na biyu, shawara. Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki, Karin Magana 15:22 kuma ta ce shiri yakan lalace in ba shawara. Sai dai wa kake tambaya? Rehobowam ya tambayi dattawan da suka yi wa ubansa Sulemanu aiki, suka ce ka sassauta wa jama'a. Bai ji daɗi ba, ya koma wurin samarin da suka girma tare, suka faɗa masa abin da yake so ya ji. Kabila goma suka tafi. Da yawanmu mun riga mun yanke, muna yawo ne kawai muna neman mai cewa amin.

Joshuwa kuma, sura ta 9. Gibeyonawa suka zo da busasshiyar gurasa mai fumfuna da tsofaffin takalma, suka ce wa Isra'ilawa daga nesa muke, ku ƙulla alkawarin salama da mu. Shugabanni suka duba guzurin, amma ba su tambayi Ubangiji ba, suka ƙulla alkawarin. Abin ya yi musu sauƙi ne, ga shaida a ido. Bayan kwana uku suka gane maƙwabtansu ne. Haka MMM, tsarin nan na zuba kuɗi a ci ƙazamar riba, ya yi wa mutanenmu har ya rufe asusu a Disamban 2016, haka irinsa CBEX ya yi a Afrilun 2025. Ɗan'uwa a ikkilisiya ya nuna maka saƙon banki a wayarsa, ka ce ai na gani da idona. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Duk wanda ya ce sai yau, gobe za a rufe, bar shi ya rufe.

Gida. Maigida, matarka ba baƙuwa ba ce a shawarar gidanka. Ka sayar da masara a kaka da araha ba ta sani ba, Yuli ya zo ita ce za ta san yadda tukunya za ta hau wuta. Ku karanta 1 Sama'ila 25. Nabal ya zagi 'yan aiken Dawuda, Dawuda ya taso da mutum 400 da takuba. Abigel, matar Nabal, ce ta ɗora gurasa 200 da tumaki biyar gyararru a kan jakuna, ta tare shi a hanya, ta ceci gidan, ta ceci Dawuda ma daga ɗaukar jini. Da ta dawo ta tarar da mijin a buge, ba ta faɗa masa komai ba sai da safe. Ta san lokacin gaggawa, ta san lokacin jira. Amma kada ku ce yarda tsakanin miji da mata ita ce iyaka. Hananiya da Safiratu ma sun yarda da juna, amma a kan yi wa Allah ƙarya.

Mai kasuwa, mudunka. Karin Magana 11:1, ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Wannan ba ya bukatar azumi. Akwai abin da ake roƙon haske a kai, akwai wanda an riga an ba ka amsa. Tsayawa wa mutum a bashi kuma, karanta 22:26 da 27 kafin ka sa hannu, don har gadon da kake kwana a kai aka ambata a wurin.

Na huɗu, alkawari... Na'am? Ɗan'uwa, miƙe, a ba shi abin magana.

(Wani matashi ya ce shi ma'aikaci ne a ofishin kuɗi. Shugabansa yana matsa masa ya sa hannu a takardar biyan aikin da ba a yi ba. In ya ƙi za a jefa shi ƙauye, ga mata da yara ƙanana. Me zai yi?)

Ƙanena, na gode, kuma kada ka faɗi sunan wurin. Na san ba kai kaɗai ba ne a ɗakin nan, kai ne dai ka yi ƙarfin hali. Sa hannun nan, kada ka yi. Ƙarya ce, kuma ranar da hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ko masu binciken kuɗi suka zo, sunanka za su gani a takarda, mai ba da umarni da baki ba ya nan. Abin da ya rage shi ne yadda za ka ƙi, a nan ake bukatar hikima. Dubi Daniyel sura ta 1. Ya ƙudura a zuciyarsa ba zai ƙazantar da kansa ba, amma bai kifar da teburin sarki ba. Ya roƙa da ladabi, ya kula da tsoron mai lura da su, ya ce a gwada mu kwana goma. Kai ma kada ka yi wa shugabanka wa'azi a gaban ma'aikata. Same shi shi kaɗai, ka ce, ranka ya daɗe, ban ga takardar kammala aiki ba, ba zan iya sa hannu ba sai na gan ta. In ya nace, ka roƙe shi ya rubuto maka umarnin. Ka ajiye kwafin duk abin da ya bi ta hannunka, da kwanan wata.

Kafin wannan duka, yau da dare ka faɗa wa matarka. Ita ce za ta bi ka ƙauyen, tana da haƙƙin ta sani, ku durƙusa tare. Ba zan yi maka alkawarin ba za a canja maka wurin aiki ba. Yusufu ya ƙi matar maigidansa, kurkuku ya tafi. Yana iya faruwa. Shi ya sa yanzu na juyo gare ku, dattawa. Muna gaya wa yaran nan su tsaya a kan gaskiya, in gaskiyar ta ci musu albashi, wa zai biya kuɗin makarantar 'ya'yansu na zangon farko? In ikkilisiya tana da asusun gini, ta iya samun asusun wannan. Baba Fasto, ina roƙo a sa shi a zaman dattawa mai zuwa. Akwai waɗanda suka yi ritaya daga aikin gwamnati a nan, na ga biyu a layin gaba, sun san dokokin ofis fiye da ni. Ƙanena, da an tashi kada ka tafi, ka zo da matarka mu zauna da su a ofishin Baba Fasto. Mama, an ɗaga mini agogo, ku ba mu waƙa mu yi addu'a domin wannan gida.