Labarin da ba ya shiga shela: ina kuɗin ƙaramar hukumarku?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa.

Idan aka yi rasuwa da asuba a ƙaramin gari, kafin hantsi ya dubi ludayi babu gidan da bai ji ba. Ladan ya faɗa a lasifikar masallaci, mai shayi ya faɗa wa duk wanda ya zauna a bencinsa, ɗan acaɓa ya kai labarin unguwar da ke bayan kasuwa, kuma kafin a kai mamacin makwancinsa ɗan garin da ke ci-rani a Legas ya riga ya bugo waya yana ta'aziyya. Haka ɗaurin aure, haka suna, haka ɓatan yaro ko akuya. Amma ku tsaya a bakin tasha ku tambayi mutane: nawa aka turo wa ƙaramar hukumarmu a watan jiya? Ku ga yadda za a yi ta kallon juna. Yau a kan wannan za mu yi magana: yadda labari ke yawo a ƙananan garuruwanmu, da dalilin da ya sa labarin kuɗin jama'a kaɗai ke maƙalewa a hanya.

Mu fara da tsohuwar hanya, domin har gobe tana aiki. Saƙo ya fito daga fadar sarki ya je wa hakimi, hakimi ya aika wa dagatai, dagaci ya tara masu unguwanni, mai unguwa ya sa a yi shela ko ya bi gida-gida. Kowane mataki akwai mutumin da aka san fuskarsa, aka san ƙofar gidansa. In ya faɗi abin da ba haka ba, gobe za a tare shi a masallaci. Wannan shi ne ƙarfin hanyar.

Gwamnati ma ta san da haka. A 2003 jita-jita ta bazu cewa maganin rigakafin shan inna yana hana haihuwa, har jihar Kano ta dakatar da rigakafin, ba a dawo da shi ba sai tsakiyar 2004. Sanarwar rediyo da takardun likitoci ba su isa su kwance wannan ƙulli ba. Sai da aka koma wa sarakuna da malamai, aka ga sarki da hannunsa yana ɗiga wa yara maganin a bainar jama'a, mai unguwa yana rakiyar ma'aikata zuwa gidan da aka ƙi buɗe musu ƙofa. A watan Agustan 2020 aka tabbatar Najeriya, da ma Afirka baki ɗaya, ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Bayan wannan akwai hanyoyin da babu wanda ya naɗa su. Majalisar dattawa a gindin dalbejiya bayan la'asar. Ranar kasuwa, kamar Alhamis a Maigatari ko Juma'a a Wudil, inda farashin buhun masara da labarin hanyar da ba ta da lafiya ke tafiya a mota ɗaya. Su kuwa mata, tasu hanyar ta fi ta maza sauri, ko da maza ba sa son a faɗa: gidan kitso, wurin niƙa, Islamiyyar matan aure, da dillaliyar da ke shiga gidaje da yawa a yini guda. Idan asibitin gari ba magani, mata ne suka fara sani, domin su ne ke zaman layin awo.

Sai rediyo. Bahaushe da rediyo sai Allah. BBC ta fara Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007. Shi ya sa za ka tarar da manomi a ƙauye yana yi maka bayanin rikicin Gabas ta Tsakiya da zaɓen Amurka dalla-dalla. Wannan abin alfahari ne. Sai dai waɗannan gidaje ba za su aiko wakili zaman majalisar kansilolinku ba, kuma ba aikinsu ba ne. Gidajen rediyo masu zaman kansu, irin Freedom da aka buɗe a Kano a 2003, sun matso da labarin kusa, sun ba talaka damar bugo waya ya yi ƙorafi. Amma su ma a babban birni suke. Ƙaramin gari yakan shiga labaransu ne in an yi gobara, ko ambaliya, ko hari, ko gwamna ya zo yanke zare.

A nan 'yan'uwanmu na Nijar sun riga mu. Tun daga 1999, da aka buɗe tashar garin Bankilare, gidajen rediyon karkara suka yaɗu a ƙasar har suka haura ɗari, ƙananan tashoshi da 'yan gari ke magana da harshen gari a kan rijiya da burtali da farashin gero. A Najeriya sai 2015 aka ba da lasisin farko na rediyon al'umma, guda 17 kacal ga ƙasa baki ɗaya.

Yanzu kuma WhatsApp da Facebook sun shigo, kusan kowane gari yana da zaurensa, wani ma uku, don an yi faɗa an rabu. Suna da amfani, ba musu. An sha tara kuɗin asibitin mara lafiya a dare ɗaya ta wannan hanya. Illarsu ita ce saƙon murya ba shi da ƙofar gida. Waɗanda suka yi wayo a 2014 ba za su manta daren da aka tashe su ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha don maganin Ebola ba. Kowa daga ɗan'uwansa ya ji, babu wanda ya san mafarin zancen, kuma sai da aka kwantar da mutane a asibiti.

To, mu dawo kan kuɗin.

Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774. Kano na da 44, Katsina 34, Jigawa 27, Kaduna 23. Duk wata ana zama a Abuja a raba abin da ya shigo asusun tarayya: gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. A harajin kayan masarufi na VAT kuwa kason ƙananan hukumomi 35 ne cikin ɗari. Wannan ba sadaka ba ce daga gwamna ko shugaban ƙasa. Haƙƙi ne da doka ta yanka.

Me ya kamata a yi da shi? Kundin tsarin mulki na 1999 ya jera a jadawalinsa na huɗu. Kasuwa, tashar mota, mayanka, maƙabarta, banɗakin jama'a, kwashe shara, magudanan ruwa, titunan cikin gari da fitilunsu, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, raɗa wa tituna suna. Sannan akwai sa hannu a makarantun firamare, da lafiya a matakin farko, da aikin gona. Ku sake sauraron jerin nan. Duk abin da ke ci wa mutumin ƙaramin gari tuwo a ƙwarya yana ciki. Kwatar da ta toshe ta shigo muku ɗaki da damina ba ta minista ba ce, ta ciyaman ce da kansila.

Matsalar ta taso ne daga sashe na 162 na kundin, wanda ya ƙirƙiri asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Kuɗin ya taso daga Abuja, sai ya sauka a babban birnin jiha. A can a cire albashin malaman firamare, a cire na fansho, a cire kason masarautu, a cire na ayyukan da aka ce na haɗin gwiwa ne, abin da ya rage shi ake miƙa wa ciyaman. Wasu daga cikin cire-ciren nan suna da hujja, a yi adalci: an fara cire albashin malamai tun daga tushe ne saboda an yi zamanin da suke shafe watanni ba a biya su ba. Amma da ƙofa ta buɗe, komai ya bi ta ciki. Ga kuma al'adar rushe zaɓaɓɓu a naɗa kantomomi, alhali sashe na 7 ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙaramar hukuma.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta. Kotu ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, gwamna ba shi da ikon riƙe shi, kuma ƙaramar hukumar da kantoma ke riƙe da ita ba ta cancanci kaso ba. An yi murna. Nan da nan jihohi suka shiga shirya zaɓe. A Oktoban 2024 APC ta lashe kujerun ciyaman 23 na Kaduna gaba ɗaya. Mako guda bayan haka NNPP ta lashe 44 na Kano da kujerun kansila 484, ko ɗaya ba ta bari ba. A Fabrairun 2025 APC ta kwashe 34 na Katsina. Kun ga abin bai san jam'iyya ba. Wanda ke gidan gwamnati shi ke naɗa hukumar zaɓen jiha, sakamakon kuma ya fito yadda kowa ya zata. Batun biyan kai tsayen ma sai da aka shafe watanni ana kai-kawo a kan buɗe asusu a Babban Banki.

Amma ni a ganina, ko da gobe kowane kwabo zai faɗa asusun ƙaramar hukuma kai tsaye, da sauran rina a kaba. Ku duba abin da ke faruwa in taransifoma ta ƙone. A yi taro a ƙofar gidan mai unguwa, a yanka wa kowane gida abin da zai bayar, a naɗa ma'aji. In an kwana biyu wuta ba ta dawo ba, wannan ma'aji ya shiga uku. Sai ya zo da littafi ya karanta: gidan wane ya ba da kaza, an sayi mai na kaza, kuɗin mota kaza. In lissafi bai cika ba, har jikokinsa sai an goranta musu. Mutanen da ke ƙure ma'aji a kan 'yan dubban nan su ne ba su taɓa tambayar miliyoyin da ke zuwa da sunansu duk wata ba. Dalili? Kuɗin taransifoma daga aljihunsu ya fita, sun ji zafinsa. Na ƙaramar hukuma kuwa ana ce masa kuɗin gwamnati, kamar ba shi da mai shi.

Tarihi yana da hannu a wannan. A zamanin En'e, dagaci ne ke bin haraji da jangali, kuɗin ya shiga baitulmali, talaka ya san abin da aka karɓa a hannunsa. Ba yabon wancan zamani nake ba, an ci zalin mutane ƙwarai, shi ya sa aka yi shewa da gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke harajin bayan hawansu a 1979. Gyaran tsarin ƙananan hukumomi da aka yi a 1976 kuma ya riga ya raba sarakuna da mulkinsu. Sai aka wayi gari masu hanyar isar da saƙo ba su riƙe da kuɗi, masu riƙe da kuɗi kuma ba wanda ya wajabta musu yin shela.

Alhali alƙaluman ba a ɓoye suke ba. Tun 2004, lokacin Ngozi Okonjo-Iweala tana ministar kuɗi, aka fara buga kason kowace jiha da ƙaramar hukuma a jaridu. Yau Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana sa shi a shafinta na intanet, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Da Turanci yake, cikin dogon jadawali, shi ya sa ba ya isowa teburin mai shayi. Ɗalibi ɗaya mai waya ya isa ya nemo layin garinku, ya rubuta da Hausa, ya tura zauren gari, wani ya karanta bayan sallar Juma'a.

Akwai kuma kujerun da aka tanadar wa 'yan gari, da yawa ba su san da su ba. Makarantar firamare ta gwamnati ya kamata ta kasance da kwamitin al'umma mai kula da ita, wanda ake kira SBMC, da iyaye da mata da wakilin mai gari a ciki. Mazaɓa tana da kwamitin ci gabanta mai sa ido a kan asibitin sha-ka-tafi. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, wani ɓangare yana zuwa asusun ƙananan asibitocin da aka zaɓa kai tsaye. Ku tambaya: su waye a kwamitin mazaɓarmu, yaushe suka zauna, wa ya zaɓe su? Sau da yawa za ku tarar sunaye ne a takarda.

Kansila kuma ɗan unguwarku ne, kun san gidansu, kun san mahaifinsa. Mun mai da shi wurin karɓar kuɗin magani da ragon suna, shi ma ya ga hakan ya fi masa sauƙi. Aikinsa na ainihi shi ne zama a majalisa, amincewa da kasafin kuɗin shekara, da bin diddigin ciyaman. In kun je wurinsa, ku je a ƙungiyance, da dattijo da malamin makaranta da wakiliyar mata, cikin girmamawa: ranka ya daɗe, muna son ganin kasafin bana, da abin da aka sa wa mazaɓarmu a ciki.

In baki bai yi ba, a koma takarda. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayani a ofishin gwamnati ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma ta ba ofishin kwana 7 ya amsa. Ku rubuta da sunan ƙungiyar ci gaban gari, tambaya ɗaya ko biyu a fayyace, misali nawa aka karɓa daga kasuwa da tasha a wata shida da suka wuce, kuma me aka yi da shi. Ku yi kwafi biyu, ku kai sakatariya, ku tsaya sai an buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku kwafin. Daga wannan kwanan watan ake fara ƙirga kwana bakwai ɗin, kuma da wannan kwafin lauya zai tafi kotu in an ƙi amsawa.