Yunwa da ƙishirwa kafin tiyata: me ya sa har yanzu ake cewa tun sha biyun dare?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yanzu na sauko daga dutin dare a asibitin da nake aikin nas a nan Ingila, ina tafiya ne ina magana, to ku yi haƙuri da ƙarar motoci.

Yau maganar hana mara lafiya ci da sha kafin tiyata nake so mu yi. Asalin abin da hujjarsa fa, in aka sa mutum barci da abinci a cikinsa zai iya yin amai ya gangara masa huhu, tun 1946 wani likita Mendelson ya yi bayanin wannan a kan masu haihuwa. Daga nan aka ɗauki dokar kar a ci kar a sha tun sha biyun dare. Amma bincike ya zo ya nuna ruwa zalla ba ya daɗewa a ciki, a 1999 ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta fitar da ƙa'ida: a tsayar da cin abinci mara nauyi awa 6, shan ruwa kuma awa 2 kafin aiki. Shekara nawa kenan yanzu?

To amma je ka ɗakin marasa lafiya ka gani. Dattijuwa tana kwance tun dare, an ce tiyatarta da safe, sai aka samu na gaggawa aka tura ta yamma, leɓenta duk ya bushe ya tsattsage, kana neman jijiya ka sa mata ƙarin ruwa jijiyar ta ɓace, kanta na ciwo, ga kofin ruwa an ɗauke an kai can nesa. Wallahi abin yana ci min rai.

Kuma ba jahilci ba ne, kowa ya san ƙa'idar. Tsoro ne. Nas tana tunanin in ta ba da ruwa sai kwatsam a kira daga tiyata a ce a kawo ta yanzu, a soke aikin, laifin ya dawo kanta, to gara ta hana kawai, ai ba a taɓa tuhumar kowa don mara lafiya ya ji ƙishi ba. Ku duba lokacin korona, a Yunin 2020 binciken RECOVERY na Oxford ya nuna maganin dexamethasone yana rage mutuwar waɗanda ke kan injin numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku, nan take asibitoci suka fara bayarwa, saboda likita ɗaya ne zai rubuta shikenan. Ruwa kuwa sai nas da likitan tiyata da mai sa barci duk bakinsu ya zo ɗaya.

Abin da ya yi mana aiki ba fosta ba ce. Babbar likitar sa barci ce ta zo da kanta wajen miƙa duti ta ce, ku ba su ruwa su riƙa kurɓa har a aiko ɗaukarsu, in an samu matsala ni ce. Aka canza allon saman gado, yanzu akwai gurbin rubuta lokacin da mara lafiya ya sha ruwa na ƙarshe, duk wata kuma a duba a faɗa mana awa nawa mutane suka yi ba ruwa. Akwai waɗanda aka ware fa, kamar mai toshewar hanji, wannan sai abin da likita ya ce.

'Yan uwana nas-nas, gobe in kun shiga duti ku tambayi na kan layin tiyata yaushe rabonsa da ruwa. Bas ɗina ta iso, sai mun haɗu.