Wa ya auna mudun da ake auna masu koyon tiyata?

Masu sauraronmu a Garwa, Marwa, Gaundare har Kusiri, barkanmu da war haka. Wani yaron unguwarmu mai koyon aikin tiyata ne ya ɓata min rai jiya, ya zo yana murna wai ya ci maki mai kyau a ɗinki, na ce wa ya duba hannunka, ya ce malami ɗaya ne ya tsaya a kansa ɗan lokaci, ya sa hannu a takarda ya wuce. Na ce to da wane mudu ya auna ka? Shiru.

Haba jama'a! Mace in ta je awon gero sai ta kifa mudu ta duba gindinsa ko an lotsa shi, amma mudun da ake auna wanda zai tsaga cikin mutum ba mai tambaya.

Kuma fa an san hanyar. A 1997 likitocin Jami'ar Toronto ta Kanada suka fito da tsarin OSATS, ana ba da maki 1 zuwa 5 kan yadda ɗalibi ke riƙe almakashi da allura, yadda yake lallaɓa naman jiki, da ko yana ɓata lokaci. Ba su ce kowa ya yarda haka kawai ba, sai da suka gwada mudun kansa: in malamai daban-daban sun kalli hannu ɗaya makinsu zai zo kusa? Yana raba sabon shiga da wanda ya daɗe? A 2013 a jihar Mishigan ta Amurka aka sa likitoci suka kalli bidiyon tiyatar abokan aikinsu 20 ba tare da sanin sunayensu ba suka ba su maki, waɗanda suka samu maki ƙasa-ƙasa majinyatansu kashi 14.5 cikin ɗari suka samu matsala, na sama kuwa kashi 5.2.

Wasu za su ce ai likitocin ma ba su ishe mu ba, ina mu ina wannan tsanani. Wallahi wannan magana ba ta shiga kunnena, inda likita ɗaya ke ɗauke da gari guda ai nan ne ba mai gyara kuskurensa. Ko tsarin na Toronto zai zauna daidai a ɗakin tiyatar da wuta ke ɗaukewa, wannan kam ina da shakka, shi ma sai an auna shi a nan. Kuɗi? Abin da ake buƙata kawai wayar ɗaukar bidiyo, fatar akuya daga mahauta don gwada ɗinki, da malamai biyu da ba su san ɗan waye ba, kowa ya ba da makinsa a ɓoye sannan a haɗa a gani.

Yaron nan na ce masa ya koma ya roƙi malami na biyu ya sake duba ɗinkin.