Golf 3 GTI a Zafin Garwa: A Fara da Ruwa

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Wannan jar motar da kuke gani a gabana Golf 3 GTI ce. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara fitar da GTI tun 1976, wannan kuma jikarta ce, ta shekarun 1990. Injinta lita 2 ne mai bawul 8, ƙarfin doki 115. Mai ita ya kawo ta gareji yana so a sauke ta ƙasa, a sa mata manyan tayoyi da salansa mai ƙara. Na ce masa, Alhaji, a yi haƙuri, mu buɗe gaba tukuna.

Matso da kyamara nan. Kun ga wannan farin abu da ya daskare a bakin tankin ruwa, kamar kanwa? Aikin ruwan rijiya ne. Shekara da shekaru ana ɗura mata shi zalla, gishirin cikinsa yana taruwa yana toshe ƙananan hanyoyin lagireto. A nan Garwa ta arewacin Kamaru, a watan Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40. Motar da lagiretonta ya toshe rabi za ta iya yawo cikin gari lafiya lau, amma ranar da ta kama hanyar Ngaundere ta fara hawan dutsen nan, allurar da ke nuna zafin inji za ta miƙe zuwa ja.

To ga abin da ya fi ci mini rai. Da mota ta fara zafi, sai bakanike ya cire tamostat ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye, ya ce ai wannan na ƙasar sanyi ne. Wallahi ba haka ba ne. Tamostat ƙofa ce. Tana rufe har ruwa ya kai wajen digiri 87, sannan ta buɗe masa hanyar lagireto. An ƙera injin ne ya yi aiki allura tana kan 90. Idan babu ƙofar, da safe lokacin hunturu injin zai daɗe bai ɗumama ba, na'urar da ke auna zafi ta shaida wa kwamfuta cewa da sanyi, ita kuma ta yi ta ƙara fetur. Ga asarar mai, ga filogi ya yi baƙi, ainihin ciwon kuma yana nan ba a taɓa shi ba.

Ina ciwon yake? Dubi gefen kan injin, akwai wani maƙogwaro na roba mai tauri inda tiyo ke shiga. Tsufa da zafi kan tsaga shi, ya riƙa ɗiga a hankali. Shafa yatsa a ƙarƙashinsa, kun ga danshi? Sai murfin tanki: idan ba ya riƙe iska, ruwa zai tafasa da wuri. Sai kuma makunnin fanka da ke jikin lagireto.

A wanke lagireto, a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya gauraye da tataccen ruwa. Kada a haɗa nau'in ruwan da ake kira G11 da wanda ake kira G12 wuri ɗaya.

Kan injin nan alminiyum ne, gangar jikin kuma baƙin ƙarfe. Zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa kan, gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan da gangar jikin, ya ƙone. Buɗe murfin baƙin mai ka duba. In ka ga abu kamar shayi da madara, ga farin hayaƙi a salansa, ga ruwa yana raguwa, kashe ta nan take.

Ta Alhaji murfinta fes yake, alhamdu lillahi. Mun sa sabuwar tamostat, yanzu mun tayar da ita tana tsaye. Ku zuba ido kan allura. Ta kai 90, tiyon ƙasa ya yi zafi a hannuna. Ku saurara. Ga fanka nan ta tashi da kanta.