Sharhi: Idan kamfani ya ɗauki alkawari, wa ke bin sawu?

Jama'a masu sauraro, a watan Disamban 2023 ne hukumar FCCPC, mai kula da gasa a kasuwa da kare haƙƙin masu saye a Najeriya, ta sanar da cewa kamfanin taba sigari na British American Tobacco da rassansa za su biya tarar dala miliyan 110. Ba alƙali ne ya yanke wannan hukunci ba. Tun 2020 hukumar ta fara binciken kamfanin bisa zargin toshe wa abokan hamayyarsa hanya a kasuwa da saɓa wa dokokin taba, har ta samo izinin kotu ta shiga ofisoshinsa ta kwashi takardu. Da kamfanin ya ga inda aka dosa, sai ya nemi sulhu. Ya yarda ya biya kuɗin, ya yarda hukuma ta sa masa ido tsawon wata 24, ya sa hannu cewa zai gyara halinsa, ita kuma hukumar ta janye tuhumar da ta shigar kotu.

Dokar 2018 wadda ta kafa hukumar, da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta buɗe wannan ƙofa, kuma a ganina an yi daidai. Duk wanda ya taɓa zaman jiran shari'a a ƙasar nan ya san yadda ake ɗage zama sau bayan sau, daga babbar kotu a tafi ɗaukaka ƙara, daga can a wuce kotun ƙoli. Babban kamfani yana da lauyoyin da za su ja magana shekara da shekaru, mai saye kuwa yana can yana biyan kuɗin da bai kamata ya biya ba.

Ƙaramin misali ya fi nuna amfanin abin. A watan Fabrairun 2024, lokacin da tsadar abinci ta kai wa mutane iya wuya, hukumar ta rufe kantin Sahad a Abuja, tana cewa farashin da aka liƙa a jikin kanta daban ne da wanda ake karɓa a wurin biya. Ka ɗauki kaya ka ga kuɗinsa a rubuce, ka je gaban mai karɓar kuɗi a faɗa maka wani. Ba a daɗe ba aka sake buɗe kantin, bayan masu shi sun yi alkawarin daidaita farashi. Ma'aikata ba su rasa abin yi ba, ba a kuma ɓata shekaru a kotu ba.

To amma alkawari kaya ne, kuma a nan damuwata take. Sulhu irin wannan a ɗaki ake yinsa, tsakanin jami'ai da lauyoyi. Talakan da aka cuta ba ya wurin. Tarar ma asusun gwamnati take shiga, ba aljihunsa ba. Abin da kawai ya rage masa shi ne gyaran da aka ce za a yi, kuma ba shi da hanyar sanin an yi ko ba a yi ba, sai an gaya masa.

Saboda haka muna kira ga FCCPC: duk takardar alkawarin da kamfani ya sa wa hannu, a buga ta kowa ya karanta, a kuma fassara ta da Hausa da sauran harsunanmu, a karanta a rediyo. Idan wa'adin sa ido ya cika, a fito a faɗi abin da aka tarar, ko da daɗi ko ba daɗi. Inda za a iya gano waɗanda aka karɓi kuɗinsu ba bisa ƙa'ida ba, mayar musu da kuɗin ya zama sharaɗi na farko kafin a yi maganar tara. Kamfanin da ya karya alkawari kuma, kada a sake kiransa teburin sulhu karo na biyu, a miƙa shi kotu da takardar da ya sa wa hannu a matsayin shaida.